Ƙamshin da Ke Cikin Hular Grema

Ran Litinin mahaifina, Baa, ya kira ni falonsa, ya ce zuwa Juma'a yake son jin amsata a kan auren Grema. Bai ɗaga murya ba. Tun da yayata Falta ta ɓace Baa ya daina ɗaga murya. Ajiye maka magana yake kamar kwanon abinci, ya tashi ya bar ka da ita.

"Yaron nan ya yi haƙuri, Kellu. Iyayensa sun aiko, sun sake aikowa. Abu ɗaya ya roƙa, ki bar tukunyar turaren Kaka. Wannan ai bai kai abin ja-in-ja ba."

"To, Baa."

"To ɗin na amincewa ne?"

"Na ji ne, Baa."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo carbinsa. Na tashi.

Na san me wasunku za su ce. Mace ta yi karatu har ƙasar waje, ga mai motoci yana sonta, ta tsaya tana jayayya a kan hayaƙi. Ku dakata tukuna, ku ji abin da tukunyar nan ta yi min.

A Shehuri aka haife ni, cikin Maiduguri. Na tafi Turkiyya karatun harhaɗa magunguna. Ina shekarar ƙarshe Ya Falta da mijinta suka hau mota zuwa garinsu mijin, can wajen bakin tafki. Motar ba ta isa ba. Ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba. Gidanmu kaf suka haɗa baki suka ɓoye min don kada jarrabawata ta lalace. In na tambaya, sai Ummi ta ce ai ƙauyensu ba a samun waya. Sai da na dawo, na buɗe akwati a tsakar ɗaki ina raba tsaraba, na ɗago gyalen da na saya wa Ya Falta na ce wa zai kai mata. Kowa ya sunkuyar da kai. A haka na sani. Lokacin har Baa ya yi sadaka ya rufe maganar.

Ban yi kuka ba. Kwanciya na yi.

Takardar shaidar karatuna ta koma cikin akwati, akwatin ya koma ƙarƙashin gado. Ni da waya, daga wannan hoto zuwa wancan, sai caji ya ƙare in juya bango. Ummi ta kawo biski da miyar yakuwa da zafinsa, ta dawo ta ɗauke shi ya sandare. An samo min aiki a wani kantin magani, ban je ba. An kawo rubutu, na sha, ban ji komai ba. Ba ciwo nake ba. Dalilin tashi ne kawai ban gani ba. Damina ta zo ta wuce ina kallon silin.

Wata safiya aka turo ƙofa da sanda. Kaka Amsa ce, mahaifiyar Baa, da kwalabe biyu a hammata.

"Baturiya, tashi. Gadon nan ya gaji da ke."

"Kaka, kaina ke ciwo."

"Kanki lafiyarsa lau, lalaci ne ya yi miki katutu. Ungo. Wanne ne farcen turaren da aka soya jiya, wanne ne na watan jiya?"

Na dube ta. Matar da ake tasowa daga Gwange da Gamboru, har daga Damaturu, don ta haɗa wa amarya turaren wuta. Matar da in ka wuce ta ƙofarta za ta gaya maka gidan da ka fito.

"Ni za ki tambaya?"

Ta mayar da ƙofa ta rufe, ta zauna a bakin gadona. Ta yi ƙasa da murya.

"Hancin ya mutu, Kellu. Tun zazzaɓin bara. Miski da kashin akuya yanzu duk ɗaya ne a wurina. Hannu ne kawai yake tuna awo, shi kuma hannu ba ya sanin in mai ya lalace. Ban gaya wa kowa ba. In kika faɗa zan ce ƙarya kike, kuma ni za a yarda."

Na buɗe kwalaben. Ɗaya na da ɗan ƙarni a ƙarƙashi, ɗaya ya kwanta. Na nuna mata.

"To hancinki bai daskare a ƙasar sanyi ba. Gobe in an idar da asuba ina jiran ki. In ba ki zo ba, amaryar mutane za ta shiga ɗakin miji tana warin kifi, alhakin kuma a wuyanki."

Washegari na tashi. Ba don son turare ba, kada in yi muku ƙarya. Don dai akwai wadda ke jira na ne, kuma in ban je ba wani abu zai ɓaci.

Aikin ba shi da wani ado. A jiƙa farce, wato ɓawon dodon koɗin teku, a kankare, a shanya, a soya. A daka kajiji sai kafaɗa ta yi tsami. A farfasa icen sandal da hawi. A ɗora ruwa da sukari da lemun tsami, a tsaya a kai da muciya har ya fara jan zare, nan take a zuba itace, a juya, a sauke, sannan mai ya shiga. Ka waiga kaɗan sukari ya ƙone. Ranar farko na ƙona tukunya, Kaka ta ce ashe a Turkiyya toka ake koya wa mutane. Hannuna ya yi kanta. Farcen hannuna ya yi baƙi. Da azahar na cinye kwanon biski tas har na nemi ƙari, Ummi ta tsaya a ƙofar kicin tana kallona kamar ta ga baƙuwa.

A gaban masu saye, Kaka ce ke kai kasko hanci ta lumshe ido. Ni ina gefe ina goge kwalba. In haɗin ya yi, sai in yi shiru. In da saura, sai in yi tari. Kaka ta buɗe ido ta ce, "A ƙara sandal." Mata su ce kai, hancin Kaka Amsa sai dai a bar shi.

A ƙuryar ɗakinta akwai kanta cike da ƙananan kwalabe. Kowace amarya haɗinta daban, Kaka ba ta taɓa maimaita wa mace biyu ƙamshi ɗaya ba. In ta gama sai ta rage kaɗan ta ajiye, ta ɗaura wa wuyan kwalbar ƙyallen da ta yago daga kayan amaryar. Da waɗannan ta koyar da ni. Kullum in buɗe ɗaya, in faɗi abin da ke ciki, ita ta ce na yi daidai ko ta ce in koma gado. A hankali na fara gane mata a gidan biki ta ƙamshin laffayarsu. Na fara jin daɗin wayewar gari. Abin ya ba ni kunya da farko, kamar na ci amanar wani.

Kwalba ɗaya ce na ƙi taɓawa, mai koren ƙyalle.

"Ta Falta ce," Kaka ta ce, ranar da ta kama ni ina tsallake ta. "Sai kin buɗe."

"Ba yau ba."

"'Ya'yan gidan nan kowacce ina koya mata nata, don in ya ƙare ta haɗa da kanta a ɗakinta. Falta ta iya awo sarai. Amma surutu! Tana kan tukunya tana ba ki labarin unguwa, sai sukari ya wuce. Kullum nata da ɗan ɗaci a ƙarshe. Na yi faɗa har na gaji, ta ce ita haka take son abinta."

Sai da aka yi makonni na buɗe. Sandal ne da kajiji, da wani jawi mai sanyi, da abin da ba ni da sunansa sai dai in ce Ya Falta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar gyale. Kaka ba ta lallashe ni ba. Ta bari na gama, ta miƙo min taɓarya.

Ana cikin haka Grema ya ɓullo.

A gidan wani biki ya gan ni, in ji shi. Dogo ne, baƙi, mai magana a hankali. Motocin dakon kaya gare shi, wake da busasshen kifi, tsakanin gari da ƙauyukan bakin tafki. Mutane na cewa ko lokacin da hanya ta fi lalacewa, motocin Grema na wucewa su dawo. Wasu da yabo suke faɗa. Wasu in sun faɗa sai su yi shiru. Bai taɓa aure ba, in ji danginsa. Turaren kwalba yake fesawa mai ƙarfi, tun daga zaure za ka san ya iso.

Saƙonninsa ba su da aibu.

"Wushe, likitata. Kin tashi lafiya?"

"Na ga wata laffaya a kasuwa, na ce wannan jikin mutum ɗaya za ta yi wa."

"Yau ma kina cikin hayaƙin? Hannun da ya riƙe alƙalami a Turkiyya bai dace da muciya ba."

Zan gaya muku gaskiya, na so saƙonnin. Akwai ranar da na karanta ɗaya har sukari ya kusa wucewa. Mutum ne mai sauraro. Ranar da na ba shi labarin Ya Falta bai katse ni ba, bai ce in yi haƙuri ba. Ya dai dubi ƙasa ya ce, "Hanyar nan ta ci mutane." Na ɗauka tausayi ne.

Sharaɗinsa ne ya tsaya min a wuya. Ba aikin kawai zan bari ba, ko kwalba ɗaya ta Kaka ba ya so ta shiga gidansa. Hayaƙi na tayar masa da mura, in ji shi. Zai buɗe min kantin magani da sunana.

Ummi kam ta gama yanke hukunci.

"Kellu, ɗaya ta tafi ban ga jikokinta ba. Ke ma sai kin tsufa a gaban murhu? Kanti fa ya ce. Da na'urar sanyaya ɗaki."

"Kaka fa?"

"Kaka ta shekara nawa tana abinta ba ke? Hancinta ya ishe ta."

Na riƙe sirrin Kaka a ciki, na koma kan tukunya.

Kaka kuwa tsokanarsa take. Grema bai taɓa shiga sashenta ba. Daga bakin zaure yake durƙusawa ya ɗaga murya ya gaishe ta, tsakar gida guda a tsakaninsu.

"Mijin nawa, matso mana! Cizo nake? Haƙoran ma ai sun ƙare."

"Kaka, kunya ce."

"Kunya ko rowa? Ka matso in ji ko kifi kake wari ko kuɗi."

Ya yi dariya, ya aika mata goro da atamfa ta hannuna, bai matsa ba. Kowa ya ce ladabi ne. Ni ma haka na ce.

Ran Talata, washegarin maganar Baa, ya aiko saƙo da hantsi.

"Na shigo gari yanzu daga tafiya. Ko gida ban tsaya sosai ba. Zan zo bayan la'asar, ina son ganin fuskar da za ta ba ni amsa."

Ummi ta fito min da laffaya ruwan zuma mai ɗigon zinariya, ta sa na wanke hannu da lemun tsami don baƙin farce ya fita. Bai fita ba. Aka shimfiɗa darduma a zaure, aka kai ruwan tsamiya mai sanyi a jug da naman da Ummi ta gasa tun safe. Ya zo cikin shadda ruwan toka, da hula zanna mai zanen ja da baƙi. Idonsa ya yi ja don gajiya.

"Hanya lafiya?"

"Alhamdulillahi. Ke fa, an gama shawara da tukunya?"

"Tukunya ba ta magana."

"Ai shi ya sa na fi ta. Ni ina magana, kuma ina biyan sadaki."

Na yi dariya. Ku rubuta wannan, na yi dariya, kuma a ranar zuciyata ta fi karkata ga in ce to. Na gaji da ganin idon Ummi. Na fara tunanin ko zan riƙa satar hanya ina zuwa wa Kaka da safe.

Hira ta ja har aka kira magariba. Ya nemi buta. Ya tsuguna a bakin zaure, ya cire agogo da hula ya miƙo min.

"Riƙe min, kada ta sha ƙasa."

Na riƙe. Wanda ya saba aikin nan ba ya shawara da hancinsa, duk abin da ya zo hannu sai ya kai. Waje turaren kwalba ne, mai hawa kai. Na juya cikinta.

Sandal. Kajiji. Jawi mai sanyi.

Na ce wa kaina, Kellu, garin nan kowace mace na ƙona sandal da kajiji. Na sake kaiwa, a hankali, yadda Kaka ta koya min, in bari na farko ya wuce in jira na ƙarshe.

A ƙarshen akwai ɗan ɗaci. Sukari ya wuce.

Ruwan buta ya daina zuba. Na ɗago. Grema na tsugune, hannunsa a jiƙe a kan kunne, yana kallona.

"Lafiya?"

"Ɗinkin nake dubawa. Mai kyau ne. Wa ke turara maka huluna?"

"Mai wanki."

"A nan gari?"

"Duk inda na sauka akwai mai wanki, likita." Ya miƙo hannu. "Kawo, za a tayar da salla."

Na ba shi. Ya sa hular, ya gyara mata zama, ya yi murmushi. A lokacin na gane ladabinsa. Ba kunyar Kaka yake ji ba. Hancinta yake gudu, hancin da ya mutu tun bara. Ni kuwa a wurinsa 'yar boko ce da ke kashe lokaci da muciya.

Da asuba na riga Kaka isa ɗakin aiki. Na buɗe mai koren ƙyalle, na ɗora kaɗan a garwashi. Shi ne. Sai dai wannan hannun Kaka ne ya haɗa shi, ba ɗaci ko kaɗan.

Kaka ta shigo, na gaya mata. Ta nemi bango ta dafa, ta zauna a kan turmi.

"Kin tabbata? Ko so kike ya zama ita?"

"Ina so ya zama ita. Amma na tabbata."

"Wataƙila kayanta aka kwasa a hanya aka sayar."

"Wanda ta tafi da shi naki ne, Kaka. Naki ba ya ƙonewa."

"Sabo ne ko tsoho?"

"Sabo. Man bai gama kwanciya ba."

Ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe, idonta a bushe yake.

"To hannunta na motsi. Har yanzu tana surutu a kan tukunya, ja'ira."

"Zan gaya wa Baa."

"Za ki zauna. Ubanki zai ɗauki sandarsa ya tafi gidansu yaron kafin azahar. Da me zai kafa hujja? Da hancin 'yarsa? Za su rantse, a ba shi haƙuri, ya dawo. Kafin la'asar, in a wani ɗaki take, an canja mata ɗaki."

Gaskiya ta faɗa. Kuma akwai abin da ni da ita ba mu furta ba. Ba mu san zaman me Ya Falta take a can ba. Ko tsare ta aka yi. Ko shi ya tsince ta ya ɓoye. Ko ita ce ta ga abin da ya same ta ya fi ƙarfin ta dawo ta dubi Baa. Ban kuma san me ya kawo mutumin da ke da yaya a ɓoye neman auren ƙanwa ba. Wannan tambayar ita ta fi hana ni cin abinci.

"In ita ke turara masa huluna," na ce, "duk hular da ya je da ita sai ta bi ta hannunta."

Kaka ta dube ni. Ta gane kafin in ƙarasa.

Akwai haɗin da Kaka ba ta taɓa sayarwa ba, ba ta taɓa ba amarya ba. Na ɗakinta ne. Shi take ƙonawa tun muna yara, ni da Ya Falta muna kwance a bayanta muna faɗa a kan bargo. Duk duniya ba inda ake jin sa sai ɗakin nan. Na ɗauki mayafi na shiga kasuwa, na zaɓo hula zanna fara mai zanen shuɗi, irin wadda namiji ba zai iya ajiyewa a gida ba. Muka kifa ta a kan kabbasa, kwandon turara kaya, garwashi kaɗan, hayaƙi siriri. Mu bari ta huce, mu sake. Laraba da Alhamis a haka suka ƙare. Kaka na tambaya, ni ina shinshinawa.

"Ya kama?"

"Ya kama ciki. Waje babu."

"Haka ake so. Shi ba zai ji ba, ya kashe hancinsa da na kwalba. Ita kuwa ko a barci ta ji sai ta farka."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na sami Baa a falo. Ummi na tsaye a bayan labule, ina ganin ƙafafunta.

"Iyayensa su zo, Baa."

Ya ajiye carbi.

"Amma," na ce, "sai ya dawo daga tafiyar da zai yi gobe. Tukunya kuma ranar da zan bar gidan nan zan bar ta, ba kafin nan ba."

"Allah ya yi miki albarka, Kellu."

Ummi ta rangaɗa guɗa tun kafin ya rufe baki. Ta rungume ni tana kuka tana cewa yau ta san ta haihu. Ban taɓa jin nauyin hannunta irin na ranar ba.

Da yamma Grema ya zo, fuskarsa kamar an ba shi gari. Na miƙa masa hular a cikin leda.

"Tukwicin haƙuri."

Ya fito da ita, ya juya, ya kai hanci.

"Ƙamshin tsofaffi," ya ce, yana dariya.

"A ɗakin Kaka ta kwana. In ba ka so kawo."

"Wa ya ce ba na so? Da ita zan yi tafiya."

Ya cire ta kansa ya sa sabuwar. Daga can tsakar gida Kaka ta ɗaga murya.

"Mijin nawa, an ba ka mata, har yanzu ba za ka matso ba?"

"In na dawo, Kaka."

"Allah ya dawo da kai. Da duk abin da ka tafi da shi."

Ya ce amin. Amma ya ɗan daɗe yana kallon wajen da muryar ta fito.

Ya tafi ran Asabar. Da ma in yana hanya saƙo kan yi wuya, sai ya hau wani tudu ya turo gaisuwa. Wannan karon ko gaisuwar babu. Ummi ta fara kiran masu ɗinki. 'Yan'uwa suka fara zuwa ganin amarya. Ni kuwa kullum asuba ina ɗakin aiki, don in ban riƙe muciya ba ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Kaka ta ce wa Ummi turaren aurena za mu fara haɗawa, kuma ba wanda zai shigo mana.

Yau da safe ina kan tukunya, sukari ya fara kumfa, wayata ta yi ƙara a kan turmi. Grema.

"Likita, na sauka lafiya."

Kafin in taɓa, wani ya shigo.

"Mai wankin nawa ta ɗauki hularki za ta turara. Tun jiya take kuka, ta ƙi ci, ta ƙi magana."

Sai na uku.

"Ashe ba hancin Kaka ya kamata in kiyaya ba. Kellu, me kika sa a ciki?"

Kaka na kallon fuskata. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma buƙata.

"Tana nan?"

"Tana nan, Kaka. Shi ma ya gane."

"Sukarinki."

Na waiga. Ya fara jan zare. Na zuba itace, na juya, na sauke a kan lokaci, ko ɗigo bai ƙone ba. Na goge hannu a zani, na ɗauki wayar na rubuta.

"Turaren gidanmu ne. Ka ce mata Kaka na gaishe ta. Yaushe za ku dawo?"

Alamar ya karanta ta fito nan take. A saman allon aka nuna yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa. Ya sake tsayawa.

Daga nan hotonsa ya ɓace daga kan lambar. Na kira, aka ce a kashe take.

A tsakar gida Ummi na dariya da mai ɗinki, suna auna min laffayar ɗaurin aure. Kaka ta miƙa hannu kan kanta, ta sauko da kwalba mai koren ƙyalle, ta danƙa min.

"Yanzu kam je ki kira min ubanki," ta ce. "Ki taho da garwashi, ya ji da hancinsa."